Ina Tsoron Abin Da Ya Sami Tunkiyar Ya Sami Mijina

Anti Glenda,

Don girman Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wannan har ƙarshe ko da kin ga ina ta kewaye-kewaye. Kaina ya ɗaure, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a gida, domin kowa ya riga ya kama ɓangarensa. Sunayen da za ki gani na aro ne, sauran maganar kuwa yadda take na kawo miki.

Mijina, bari in kira shi Fergus, mutuwa yake yi. Ciwon nan ne mai cinye jijiyoyin motsi ɗaya bayan ɗaya, ya bar wa mutum hankalinsa garau yana kallon jikinsa yana guje masa. Da hannun hagu ya fara, ya riƙa sakin kofin shayi. Yanzu a keken guragu yake, harshensa ya fara nauyi, likita kuma ta ce ƙirji ne zai biyo baya. Ba ta yi mana alkawarin zai ga wata Kirsimeti ba.

Shi masanin ƙwaƙwalwa ne. Tun kafin mu haifi 'yarmu Tilly yake aiki a wata cibiyar bincike a nan Adelaide, ba zan kama sunanta ba, inda suke neman hanyar kwashe duk abin da ke cikin kan mai rai su zuba shi a kwamfuta. Yadda ya sha bayyana mini, da zarar rai ya fita sai a ɗura wa ƙwaƙwalwar wani magani da zai daskarar da ita, a yanka ta sala-sala, a ɗauki hoton kowane yanki, sannan na'ura ta sake ɗinka hanyoyin a cikinta. Daga nan sai a kunna. Su ba sa cewa kunnawa, tashi suke cewa, wai kamar an tashi mai barci. Shekara da shekaru ina jin wannan a kan teburin abinci, ina ce masa to Boka, ci tukuna kafin ya huce. Ban taɓa zaton abin zai shigo mini har ɗaki ba.

Da tsutsa suka fara, suka koma ƙuda, suka koma ɓera. Bara suka yi tunkiya. Mavis suka sa mata, sunan wata gwaggon shugabansu mai taurin kai. Ranar da Mavis ta cikin na'ura ta ji ƙarar bokitin abinci ta juyo, yadda Mavis ta asali take yi kafin a yanka ta, har kek suka yanka a ofis. Ni ma na je, na ci, na yi tafi.

To abin da ya rage musu mutum ne, kuma Fergus ko mako bai yi da jin sakamakon asibiti ba ya miƙa kansa. Sai dai yardarsa kaɗai ba ta isa ba. Idan ya cika, asibiti ba za su saki gawarsa ba sai ni matarsa na buɗe baki na ce na amince, a nan take, domin ƙwaƙwalwa ba ta jira. Ba zan zauna da shi ba, ba zan rufe masa ido in gyara masa gashi ba, za su tura gadon su fice da gudu. Wannan ya ci mini rai, na yi mita har na gaji, amma na haƙura. Na ce mutumin da ciwo ya ƙwace wa komai, ba ni zan ƙwace masa aikinsa ba.

Sai ranar wata Lahadi. Ni malamar iyo ce, yara nake koya wa, kuma tun ina budurwa nake aikin sa-kai na tsaron bakin teku a lokacin zafi, shi ya sa yake kirana Kifanya. Mun ajiye mota a bakin tekun Semaphore muna kallon ruwa, ina ba shi kifi da soyayyen dankali a baki, tsuntsayen teku sun kewaye mu suna roƙo. Can sai ya ce, "Ke Kifanya, mutanen da kike tsamowa, me suke cewa sun ji?" Na ce, "Yau kuma? Kai da ko ƙafarka ba ka yarda ta taɓa ruwa sai an ja ka?" Bai yi dariya ba. Sai na gaya masa gaskiya, cewa ƙirji wuta yake kamawa, murya ba ta fita, kuma babu wanda ya taɓa ce mini ya tuna 'ya'yansa ko ya yi addu'a. Iska kawai mutum yake nema, ba ya sanin sunansa ma.

Daga nan ya ba ni labarin da na gwammace ban ji ba.

Ashe a aikinsu akwai wata al'ada. Kowace na'ura idan aka kunna ta sai ta ɗan yi hayaniya kafin ta daidaita, don haka duk abin da aka naɗa, farkonsa yankewa ake a zubar. Ɗalibi da ya shigo, abin da ake fara koya masa ke nan, har ta kai na'urar da kanta take yankewa ba tare da an sa ta ba. Saboda haka babu wanda ya taɓa duba abin da ke faruwa da Mavis a lokacin da ta farka. Abokiyar aikinsa, Dakta Nirmala, ita ce ta leƙa wurin tana neman wani abu daban, sai ta ga ba hayaniyar inji ba ce. Sun ba tunkiyar ido, sun ba ta kunne, sun ba ta ƙafafu da filin ciyawa na ƙarya, suka manta da ƙirji. Sashen ƙwaƙwalwar da ke lura da numfashi yakan farka ya nemi huhu ya rasa, ya saurari bugun zuciya ya ji shiru, sai ya tayar da hankalin kan gaba ɗaya. Nutsewa take yi, Anti, babu ruwa ko ɗigo.

Kuma ba sau ɗaya ba. Duk gyaran da za su yi, komai ƙanƙantarsa, sai su kashe su sake tayar da ita daga farko, wani lokaci ma su tayar da kwafinta da yawa a jere don aiki ya yi sauri. Sau dubbai. Kowane tashi kuwa a wurinta shi ne na farko, ba ta da damar sabawa. Na ajiye takardar dankalin na fita daga motar, na tsaya a bayanta, tsuntsaye suka cinye abincin.

Fergus ya ce sun gyara. Sun haɗa mata numfashin ƙarya mai shiga da fita, yanzu takan yi tsit bayan ɗan lokaci. Ban yarda da shi ba. Ranar da Nirmala ta kawo mana miyar wake irin ta gidansu, na tsare ta a kicin na ce ta dubi idona ta gaya mini. Baiwar Allah ba ta iya ƙarya. Ta ce, "Yaya, wallahi ba mu sani ba. Wanda hankalinsa ya kwanta da wanda ya fid da rai, a allonmu kusan iri ɗaya suke fitowa." Na gane nufinta sarai, domin a bakin ruwa mai bugun ruwa da hannu ba shi ne ya fi ba mu tsoro ba. Wanda ya daina bugawa ya yi shiru, shi muke rugawa wurinsa.

Nirmala ta nemi a dakatar da batun mutum sai an gane. Shugabansu ya ce ai wannan ne ma dalilin da ya sa suke bukatar mutum, wanda zai buɗe baki ya faɗi abin da yake ji. Fergus kuma, maimakon ya ja da baya, sai ya ƙara kafewa. Ya ce mini, "Tunkiya ba ta da bakin ƙorafi. Ni kuwa kin san ni, ko a lahira sai na yi mita." Yana faɗa yana murmushi da rabin fuskar da ta rage tana motsi. Na tambaye shi in ya farka cikin wannan azaba ya kasa magana fa, wa zai sani? In cibiyar ta rufe, ko wani kamfani ya saye ta, a hannun wa zai faɗa? In wani ɗalibi da ba a ma haifa ba tukuna ya riƙa tayar da shi kullum don ya ci jarrabawa fa? Ya ce duk an yi tunanin wannan. Mutanen da suka manta da huhu ne fa suka yi tunanin.

Abin da ya fi ƙona mini rai, baki biyu yake yi. In na yi kuka sai ya ce haba Kifanya, ba ni ba ne fa, kwafi ne kawai, ni ina kwance abina ban san ana yi ba. In Tilly ce ta zauna kusa da shi kuwa sai ya ce mata kada ta damu, zai dawo ya ga wane sakarai ne zai aure ta. Yarinyar tana shekarar farko a jami'a, ubanta ne duniyarta, ta riƙe maganar nan da hannu biyu. Da na ɗan nuna shakka ta wanke ni tas, ta ce, "Mama, ciwo zai kashe shi sau ɗaya, ke kuma kina so ki ƙara masa na biyu." Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ba ta san labarin Mavis ba, ya hana a gaya mata.

Ga kuma surukata, Mama Beryl, tsohuwa mai sanda da kaifin harshe. Ita so take a kai shi garinsu Burra a binne shi kusa da ubansa. Ta ce, "Da kansa a kan wuyansa na haife shi, har ya kusa raba ni biyu, da kansa kuma za a mayar mini da shi." Tana bugo waya kullum tana tambaya ko na dawo da ɗanta cikin hayyacinsa, kamar ni na taɓa iya juya shi.

Ba zan ɓoye miki ba, ni ma wani lokaci ina so. In na tuna za a wayi gari babu mai yi mini tsiya a gidan nan, sai in ji ko daga cikin akwati ne muryarsa za ta fito, zan karɓa. Sai in tuna fuskokin da na tsamo daga ruwa.

Ga abin da na ƙudura, kuma shi ne ya sa na rubuto. In ci gaba da ce masa na amince, ya tafi hankalinsa kwance. Idan ya cika, suka juyo suna jiran kalmata, in ce a'a. Kafin su gama lallashina lokaci ya ƙure, shi ke nan. Ba zai taɓa sani ba. Amma duk sanda nake goge masa baki ya dube ni ya ce na gode da kika tsaya mini, sai in ji kamar in nutse cikin ƙasa. Anti, cin amana ne wannan ko ceto? In na ce eh na tura shi cikin ruwan da ba zan iya shiga in tsamo shi ba, in na ce a'a na yaudari mutumin da bai taɓa yi mini ƙarya a kan wannan ba. Ki gaya mini abin yi, numfashinsa ya fara gajarta.

Mai tsaron bakin ruwa, Adelaide

*

'Yata,

Na karanta har ƙarshe, kuma ban ga kewaye-kewaye ba. Sannu da wannan kaya. Ni ba masaniyar ƙwaƙwalwa ba ce, ba zan iya gaya miki ko tunkiyar nan tana shan wuya ko ba ta sha ba. Amma ki lura, waɗanda suka fi kowa sani ma sun ce ba su sani ba. Saboda haka kada kowa ya sa ki ji kamar jahilci ne ko raunin mata ya kawo tsoronki.

Bari in fara da tsaya wa mijinki, tunda ba ya nan. Mutum ne da ake zare masa jiki gaɓa bayan gaɓa, ya zama sai an ɗaga shi an ajiye, kuma wannan ne abu ɗaya da ya rage wanda shi yake bayarwa, ba a ba shi ba. Bai ɓoye miki labarin Mavis ba alhali yana iya ɓoyewa. Akwai jarumta a cikin niyyarsa, kuma idan irin wannan bincike zai taɓa zama lafiyayye, wata rana sai wani ya fara. Kada ki raina masa wannan. Ina kuma zargin akwai tsoro a ƙarƙashin kafewar tasa. Ya san ta ƙirji ciwon zai ɗauke shi, kuma mai jiran irin wannan mutuwa yana bukatar wani abu da zai kafa wa ido a gaba da ita. Ki nemi likitocin da ke kula da masu jinyar ajali su zauna da shi su bayyana masa, dalla-dalla, yadda suke sauƙaƙa sarƙewar numfashi. Mai yiwuwa ki ga ya ɗan sassauta.

Amma baki biyun nan ba za ki bar masa shi ba. Ki zaunar da shi ki ce ya zaɓi ɗaya. In wanda za a tayar shi ne, to ke matarsa ce, kina da cikakken haƙƙin ƙin miƙa shi ga abin da ba a san ƙarshensa ba. In kuwa ba shi ba ne, wani ne daban mai iya jin tsoro da azaba, to ina Fergus ya sami ikon sa hannu a madadinsa? Ko ta wane gefe ya bi, maganar ba tasa ba ce shi kaɗai.

Yanzu ga shirinki. Kada ki yi. Na fahimci abin da ya kai ki can, kuma ban ɗauke ki maciyiyar amana ba, amma kin duba rabin lissafin ne. Kin ce ba zai taɓa sani ba. Tilly za ta sani. Tana tsaye a ƙofar ɗakin za ta ji uwarta ta warware alkawari a kan gawar ubanta, ba ta san dalili ba, kuma wanda zai iya ce mata ki yafe wa mamanki ba ya nan. Za ki rasa miji da safe, ki rasa 'ya kafin rana ta faɗi. Ke kanki kuma, sauran kwanakin nan da ya kamata ki sha su a hankali, kina cinye su cikin fargabar kada ya karanta fuskarki.

Ga abin da nake gani. Abu biyu aka dunƙule miki wuri ɗaya, adana ƙwaƙwalwar da kuma tayar da ita. Na farko ne yake da gaggawa, na biyu ba ya sauri. In zuciyarki za ta iya ɗaukar adanawar, ki ce kin yarda da ita kaɗai, da sharaɗin ba za a kunna komai ba sai wani kwamiti da ba ya cin albashin cibiyar ya gamsu an iya bambance kwanciyar hankali da fid da rai. Ki sami lauyanki, ba nasu ba. A rubuta cewa babu yin kwafi, babu sayarwa ko miƙa wa wani, kuma ikon cewa a tsaya ko a goge gaba ɗaya yana hannunki, bayanki hannun Tilly. Ki roƙi Nirmala ta halarci zaman da za ku yi da cibiyar, tunda ta nuna tana iya faɗin abin da ba a son ji. Ki sani ko takarda mai ƙarfi ba ta tsare komai har abada, don haka ki duba yadda za su karɓi sharuɗɗan. In suka fara cewa wannan zai kawo wa aiki cikas, kin sami amsarki. In kuma kin duba zuciyarki kin ga ko adanawar ba za ki iya ba, wannan ma amsa ce, ba laifi ba ce.

Tilly ba jaririya ba ce. Tana goyon bayan abin da ba a gaya mata rabinsa ba, kuma wannan ba adalci ba ne gare ta ko gare ki. Ki ce wa Fergus ya ba ta labarin Mavis da bakinsa, in ya ƙi ke za ki ba ta. Mama Beryl kuwa a kyautata mata, a gaya mata gaskiya, amma hukuncin ba nata ba ne.

Duk abin da kika yanke, ki faɗa masa a makon nan, tun harshensa yana iya mayar miki da martani. Zai yi fushi, zai yiwu ya ƙaurace miki kwana da kwanaki, ya ce kin ba shi kunya. Ki bar shi ya yi. Fushin mai rai yana da ranar hucewa, kuna iya yin faɗa ku shirya, ko ku ƙare ba ku yarda da juna ba amma hannunki yana cikin nasa. In kika jira ya mutu, ke za ki riƙa yi wa kanki faɗan da muryarsa, kuma babu ranar da zai ce miki ya wuce.

Allah ya sassauta masa, ya ba ki ƙarfin faɗin wannan magana, ya daidaita tsakaninki da 'yarki.

Anti Glenda